Minti Uku a Gindin Dam

Litinin, farkon damina

Zuwa ga Yaya Injiniya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Kada ka wahalar da kanka wajen tuno mai wannan rubutu. Ni ce 'yar mai kula da dam, wadda kakarta da kakarka suke uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ka laƙaba wa 'Yar Gwangwani shekarar da aka kawo ka hutu gidanmu kana ta kukan sauro. Sunan ya bi ni har yau, kuma ban yafe ba. Rabonmu da haɗuwa tun rasuwar Baba, shekara tara ke nan, don haka na san da kunya a ce sai da buƙata ta taso na neme ka.

Inna tana nan. Ƙafafun ne suka ƙi, daga gado sai tabarmar tsakar gida, amma bakin lafiyarsa lau. Ta ce a gaya maka idan ka yi tumbi ka rage.

Tun da Baba ya rasu aikinsa ya dawo hannuna, don ba wanda ya so shi. Kullum da safe in hau bango in karanta sandar awo, in sauka gindin bangon inda ruwa ke tsattsafowa ta ɗan bututun nan, in tara gwangwaninsa, in duba agogonsa, in rubuta a littafi. Minti uku yake cika, haka yake tun ina goye. Duk wata kuma in shiga ɗan ɗakin nan na ƙasa in shafa wa tsohuwar ƙofar ruwa giris, wadda ba a taɓa buɗewa ba tun da aka yi sabuwar ƙofa ta sama. Mutane suna yi mini dariyar da suka yi wa Baba, wai muna kiwon ƙarfe.

Ka san garinmu. Ba mu da masana'anta, ba mu da babbar kasuwa, kwalta ma ta kauce mana da mil goma sha biyu. Abin da muke da shi hedikwata ce: kotu, ofishin filaye, ofishin Shugaba, da agogon nan na saman bene da ya tsaya a ƙarfe huɗu saura tun kafin a haife ni. Litinin da Alhamis, ranakun zaman kotu, mutanen ƙauyuka su cika gari, masu tafireta su jeru a baranda, masu shayi da masu ɗakunan haya su samu na cefane. Sauran ranaku awaki ne ke barci a matakalar kotun. Duk da haka ka taɓa ɗan garin nan ka ji, ko mai sayar da ƙwai sai ya kawo maka sashe na kaza na doka. Kuma duk mun san dam ne ya ba mu wannan matsayi. Kakanninmu suka ɗebi ƙasa da kai rani biyu suka tare kwarin, da aka ga muna da ruwa garin bakin kwalta ba shi da shi, aka ɗoro takardun gunduma a keken shanu aka kawo nan. Har gobe mutanen can cewa suke sace su muka yi.

To yanzu sun kai ƙara sama, an naɗa kwamiti zai zo nan da mako shida ya duba garuruwan biyu, ya faɗi inda hedikwata za ta zauna. Gari ya rikice. Shugaba ya ce hujjarmu ɗaya ce, ruwa, don haka ya sa aka ɗaure ƙofar sama da sarƙa da sabon kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. So yake baƙin su tarar da dam ya cika maƙil.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Simintin da aka shimfiɗa a saman bango ya tsage, tsagar ta kai tsawon taku goma sha ɗaya, ɗan yatsana yana shiga. Ka tuna gidanmu a unguwar gangare yake, mu ne layi na biyu daga gindin bangon, kuma Inna ba ta iya gudu ko da taku ɗaya. Ina kallon tsagar nan gabana yana faɗuwa. Sauran abubuwa dai ba laifi, gwangwani minti biyu da rabi yanzu, ruwan ya ɗan yi ja kamar shayi da madara, sai na bar shi ya kwanta kafin in ba shukokin Inna.

Don Allah ka gaya mini gaskiya game da tsagar nan. Ba zan iya buga maka waya ba, guda ɗaya ce a garin, tana kan teburin Sakatare, kuma kunnensa ya fi na kowa tsawo. Ka ba direban motar safe amsa, shi ya san gidanmu.

Ƙanwarka,
'Yar Gwangwani

*

Asabar

Ƙanwata 'Yar Gwangwani,

Na samu takardarki, na yi murna ƙwarai. Muna lafiya, sai ƙaramin da ke fama da haƙori. Ki gaishe da Inna, ki ce tumbin ya riga ya zauna, ba ya jin magana. Sunan kuwa ke kika jawo wa kanki, wa ya ce ki riƙa kwana da gwangwani a ƙarƙashin matashi?

Ki kwantar da hankalinki. Bangon dam ɗinku na ƙasa ne, simintin saman hula ce kawai aka ɗora masa don masu tafiya. Siminti yana shan rana ya buɗe, ya sha sanyi ya tsuke, shekara da shekaru dole ya tsage. Na ga irin wannan ba adadi. Ki sami mai gini ya cike tsagar don kada ruwan sama ya riƙa shiga, shi ke nan. Ɗaure ƙofa da damina ba dabara ba ce, amma bangon da ya yi shekara sittin yana tsaye ba zai kasa haƙurin mako shida ba.

Na yi dariya da na ji har yanzu kina shafa wa ƙofar ƙasa giris. Na tuna Baba ya taɓa shigar da ni ɗakin, jemage ya taso, na fito a guje na bar takalmi ɗaya. Idan kin gan shi ki ajiye mini.

A gurguje nake rubutun nan, mota tana jirana. An tura ni aikin gada can cikin daji, zan yi kamar wata guda, ba gidan waya a wurin. Idan na dawo ina so in ji kun riƙe hedikwatarku. Allah ya ba ku sa'a a kan mutanen kwalta.

Yayanki

*

Alhamis, saura mako uku kwamiti ya zo

Yaya,

Ina gaisuwa, ya jikin ƙaramin? Allah ya sa haƙorin ya fito lafiya. Inna ta samu sauƙin tari, ƙafa dai jiya i yau. Na san ka ce ba ka nan, amma na ce bari in rubuta, wataƙila wani daga ofishinku zai kai maka.

Ranar da takardarka ta zo na yi barci har da minshari, in ji Inna. An cike tsagar, an shafe ta da fenti. Fenti kam garin nan ya sha shi. An shafe kotu, an shafe gindin itatuwa, an shafe duwatsun bakin hanya, da akuya za ta tsaya wuri ɗaya da an shafe ta. An hau bene an juya hannun agogo zuwa ƙarfe goma, wai lokacin da baƙin za su iso ke nan, ko da sun ɗaga kai za su ga daidai. Babban Mai Tafireta, ka tuna shi, mai gilashin da aka ɗaure da zare, wanda gidansa ne na farko a gindin bango, shi ne ya rubuta tarihin gari shafi arba'in da za a karanta musu. Shekararsa talatin a barandar kotu, da tafiretar nan ya aurar da 'ya'ya huɗu. Ya ce ranar da aka ɗauke kotu a haɗa da gawarsa.

Ni dai barcin nawa bai daɗe ba. Gwangwani ya koma minti ɗaya da rabi. Na ɗauka agogon Baba ne ya fara tsufa, na ari na maƙwabciya, duk ɗaya. Kuma ba ta bututun kaɗai ruwan ke fita ba yanzu. Taku shida daga ɗakin ƙasa wani idon ruwa ya ɓulle, yana ɓuɓɓugowa yana tara yashi a bakinsa kamar gidan tururuwa. Matan unguwa suka ce albarka ce ta zo daidai da zuwan baƙi, suka kawo fartanya suka faɗaɗa shi don bokiti ya shiga. Da na ce su bari, wata ta ce ko ruwan ma na ubana ne.

Shekaranjiya akuyar mai shayi tana tafiya a gefen bango ta wajen ruwa, ƙafarta ta burma har gwiwa a inda ƙasa take a daddaɓe. Na je na sa sanda, sandar ta shige ba ta taɓa komai ba.

Na ɗauki littafi na tafi wurin Sakatare. Ya bar ni a tsaye ya gama shan shayinsa, ya buɗe littafin a juye, ya rufe. Ya tambaye ni makarantar da na yi karatun injiniya. Na ce ban yi ba, amma yayana ya yi. Ya ce to me yayan nawa ya ce? Abin da ka ce kuwa shi ne in kwantar da hankalina. Ya raka ni har ƙofa yana murmushi, ya ce duk maganar da ta fita ta kai kunnen mutanen kwalta, an san bakin da ta fito.

Ka ce tsagar ba komai ba ce, na yarda. Amma ka sake gaya mini haka bayan ka karanta wannan. Ina jin tsoro, ban san ko tsoron banza ba ne.

Ƙanwarka

*

Lahadi, saura kwana goma sha ɗaya

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Mu dai ga mu nan.

Kullum sai na tare direban motar safe, har ya fara kawar da kai idan ya hango ni. Na lissafa, wata gudan da ka ce ya cika. Idan na dame ka ne ka faɗa mini. Na san mu dangin nesa ne, na ƙauye, masu tunowa da mutum sai da matsala. Ko layi biyu ka rubuto ka ce in daina, zan daina.

An kwana uku ana ruwa. Sandar awo saura ɗani biyu ta nutse, ban taɓa ganin haka ba, a littattafan Baba ma babu. Gwangwani sakan arba'in. Idan ruwan ya kwanta, lakar da ke ƙasa ta kai kaurin yatsa biyu. Ina tsaye a gindin bangon sai in ji kamar yana numfashi a bayana, ba na iya juya masa baya, da baya da baya nake barin wurin.

Na roƙi Inna in kai ta gidan ƙanwarta a tudu. Ta ƙi ƙememe. Ta ce idan aka ga an ɗauke matar mai dam daga gangare ana saura kwana goma, ai an gama shelar cewa bangon ya lalace, ita ba za ta zama sanadin tozarta garin da uwarta ta ɗauki ƙasarsa a ka ba. Na yi kuka, na yi faɗa, ta juya fuska bango.

Unguwar nan gida tamanin ne da wani abu. Da safe ina jin yara suna wucewa makaranta ta ƙarƙashin bangon, ina ƙirga su ban san dalili ba. Abinci ba ya shiga. Ban san abin da zan yi ba, kuma wanda ya sani ya yi shiru.

Ƙanwarka

*

Laraba

Ƙanwata,

Ki yafe mini gaisuwa, muna lafiya. Ruwa ya cinye hanyar daji, sai yau na iso, na tarar da takardunki biyu a kan tebur. Na karanta su a tsaye, na koma na ɗauko ta farko, na ga layin da na tsallake. Kin rubuta mini cewa ruwan ya yi ja, ni kuma ina sauri na tsaya kan tsagar siminti ina ba ki labarin jemage. Laifina ne, ba naki ba. Ban yi shiru don kin dame ni ba, kada ki sake faɗin haka.

Ki karanta da kyau. Kowane bangon ƙasa yana tsattsafo, idan ruwan garau ne ba damuwa. Idan ya fito da ja, ƙasar bangon ce yake ɗebowa daga ciki. Lakar da kike gani a gwangwani bangon ne kansa yake fita kaɗan-kaɗan. Ramin da akuya ta burma bakin hanyar ne, idon da mata suka faɗaɗa ƙarshenta ne. Ranar da hanyar ta gama buɗewa ba a yin awa guda.

Magani ɗaya ne, a rage ruwa yanzu. Ga takarda na haɗo da hatimin ofishinmu, ki kai wa Shugaba hannu da hannu. Na kuma kai rahoto ma'aikata, amma kafin takarda ta zagaya tebur bakwai an yi mako biyu, ni kuma an hana ni motsi sai ta fito. Idan ya buɗe ƙofar sama, to. Idan ya ƙi, kin san ƙofar da ba ya riƙe da makullinta.

Ba ni da ikon ba ki umarni, kuma na san abin da zai biyo baya a garinku, ni ina nan nesa ba abin da zai taɓa ni. Amma idan za ki buɗe, kada ki buɗe duka. Juyi goma, ki jira awa biyu, ki ƙara goma. Kada ruwan ya sauka fiye da kamu ɗaya a yini, in ba haka ba bangon zai zame ta ciki. A hana kowa taɓa idon nan, a zuba masa tsakuwa da yashi a kai, kada a toshe shi. Inna kuma ki sa a ɗauke ta ko tana zagi.

Na ba direba wannan da kaina, na ce kada ya ba kowa sai ke.

Yayanki

*

Talata, bayan mako uku

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri, a shafa mini kan yara. Na samu takardunka uku na baya, ban amsa ba don hannuna bai iya riƙe biro ba sai yanzu. Inna tana lafiya. Muna raye dukkanmu, bari in fara da wannan.

Takardarka ta iso ranar Juma'a, saura kwana shida. Kafin in gama karantawa na zauna a ƙasa a tashar mota. Na tafi kai tsaye ofishin Shugaba. Ya karanta har ƙarshe, ba zan yi masa ƙarya ba, na ga fuskarsa ta canja. Sannan ya ce injiniyan da bai ga dam ba shekara tara ba zai kashe masa gari da takarda ɗaya ba, a yi haƙuri kwana shida, baƙi na juya baya shi da kansa zai cire kwaɗon. Ya sa takardar a aljihun da makullin yake. Ina ganin shi ma tsoron yake ji, nasa dai ya fi karkata wajen kwamiti.

Ban ɗauke Inna ba. Na gwada, ta riƙe ƙafar gado. Sai ta tambaye ni abin da ka rubuto, na karanta mata. Sai ta ce, "Ubanki shekara talatin yana shafa wa ƙarfen nan mai ana yi masa dariya. Kina tsammani don ya yi ƙyalli ne?" Ta ce ita tana nan inda take, in je in yi abin da zan yi, idan bangon ya zo ya same ta a ɗakinta.

Asabar da hantsi na tafi, rana tsaka-tsaka, don kada a ce na yi a ɓoye. Ɗakin ƙasa ruwa ya kai idon sawu, ja wur, bangon ɗakin yana gumi. Ta ƙofa ina hango idon yana tafasa, ya ninka yadda na bar shi jiya. Tsaunin ƙasa da ruwa duk suna saman kaina. Na kama sitiyarin ƙofar na murɗa, ko gezau. Na sa ƙafa a bango na ja har na ji wani abu ya tsinke a kafaɗata. Giris ɗin shekara talatin da tara, amma ƙarfin mace ɗaya bai isa ba. Na tsaya ina haki ina kuka.

Sai ga Mai Tafireta a bakin ƙofa. Matarsa ce ta hango ni ta gaya masa. Ya shigo da faɗa, ya kira ni maciya amana, ya ce mutanen kwalta sun saye ni, ya kawo mini sashen dokar da za a ɗaure ni da shi. Na tara gwangwani a bututu, ya cika kafin ya gama jimlarsa, na tsiyaye ruwan, na kama hannunsa na juye masa lakar a tafi. Na ce, "Wannan bangon ne, Baba. Jikokinka suna ina yanzu?"

Suna tsakar gidansa, taku talatin daga inda muke. Ya dubi hannunsa, ya leƙa ya dubi idon, ya ɗaga kai ya dubi bangon har gilashinsa ya zame. Ya naɗe hannun riga ya kama ɗaya gefen. Mu biyu muka ja, ƙarfen ya yi wata ƙara da na ji ta har cikin haƙorana, ya motsa. Muka ƙirga goma. Ƙasa ta ɗauki rawa a ƙarƙashinmu, na ce shi ke nan, mun fasa shi da hannunmu. Ashe ruwan ne ya kama hanyarsa ta tsohon bututu. Tafin hannun tsohon ya sale, jini yana bin yatsunsa. Ya fita ta bayan ɗakin ba wanda ya gan shi.

Sauran ka ji wani abu a rahoton mutanen ma'aikatarku. Ruwan ya bi tsohon kwari ya share lambunan mutane goma sha huɗu. Gari ya taso mini. Shugaba ya aiko a rufe, amma duk wanda aka turo idan ya leƙa ɗakin ya ga ruwan ja yana zuba daga bango sai ya tuna yana da wani uzuri. Na zauna a bakin ƙofar yini biyar ina ƙara juyi goma-goma, ina zuba tsakuwa a idon da kwano. Ba wanda ya kawo mini ko ruwan sha sai maƙwabciyarmu, ita ma ta bayan gida.

Ranar Alhamis ƙarfe goma kwamiti ya iso, agogon bene ya yi daidai sau ɗaya a rayuwarsa. Aka kai su dam. Ruwa ya ja baya kamu biyar, gefe duk laka da warin kifi. Kuma a jikin bango, inda ruwa ya rufe a da, ga rami baki buɗe wanda saniya za ta shiga ba ta sunkuya ba. Kowa ya gani. Tarihin nan mai shafi arba'in ba a karanta ko shafi ɗaya ba.

Na ɗauka ganin ramin zai wanke ni. Yaya, ban san garinmu ba ashe. Cewa ake da ban buɗe ba da ruwa ya rufe shi, da baƙi sun zo sun tafi, da an gyara daga baya a hankali. Tunda bangon bai faɗi ba, ba wanda ya mutu, to ba abin da na tsare. Mutanenku sun zo sun ce saura ƙiris, an saurare su da ladabi, aka ce ai dangina ne. A kasuwa idan na yi sallama sai a shiga gyaran kaya. Yaran da nake ƙirgawa suna wucewa suna kirana wadda ta sayar da kotu. Ina kallonsu, duk sun cika, ba wanda ya ragu.

Jiya manyan motoci uku suka zo suka kwashe takardun gunduma zuwa garin kwalta. Mutane suka tsaya a bakin hanya kamar ana fitar da gawa. Inna ta ji ƙarar motocin daga ɗaki, ta tambaye ni ko su ne, na ce su ne. Ta yi hawaye, sannan ta ce in gyara mata matashi. Ni ma abin ya yi mini ciwo, garina ne. Ban san abin da masu shayi da masu ɗakunan haya za su ci ba, kuma idan na ce ba na tambayar kaina ko da bangon zai kai kwana shidan, na yi ƙarya.

Takarda ta ƙarshe da aka buga a barandar kotu tawa ce, ta sallama daga aiki. Mai Tafireta ne ya buga ta, shi ya kawo mini har gida don masinja ya riga ya bi motocin. Hannuwansa biyu a naɗe da tsumma. Bai gaya wa kowa inda ya ji ciwon ba, ni ma ban faɗa ba, yana da sauran zama da mutane. Ya miƙo mini, ya karɓi littafin awo kamar yadda aka umarce shi, ya juya. Da ya kai zaure ya tsaya, bai waiwayo ba, ya tambaye ni ko gwangwanin ma na hukuma ne. Na ce na Baba ne. Ya ce to a ci gaba da tara shi, shi a nan yake kwana.

Ka ce in taho da Inna wurinku, na gode, Allah ya bar zumunci. Ba yanzu ba. Damina ba ta ƙare ba, ramin yana nan an rufe shi da buhunan yashi, masu gyara sai rani. Har yanzu idan babbar mota ta wuce sai na dafe ƙirji.

Na duba maka takalminka a ɗakin ƙasa, babu, ka haƙura.

Yau da safe na sauka na tara. Minti uku da 'yan sakanni, ruwan garau, ina ganin tsatsar gindin gwangwanin. Na laluba aljihu zan rubuta, na tuna ba littafi. Shi ya sa na rubuta maka, ka ajiye mini.

Ƙanwarka,
'Yar Gwangwani